Shin Fasto Ya Tsaya a Cikin Majami'a Kawai?

Tambaya: Ni dattijo ne a wata majami'a a nan Damagaram. Tun bayan tarzomar 2015 wasunmu ke cewa shugabannin Kirista su tsaya ga wa'azi da addu'a, su janye daga duk wata hidimar gari, tunda mu 'yan tsiraru ne. Shin wannan shawara daidai ce?

Amsa: Baba, tsoron da ke bayan wannan shawara yana da dalili. Ranar Juma'a, 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa a Zinder, wato Damagaram, an rasa rayuka, Kiristoci da dama kuma suka fake a barikin soja. Washegari wutar ta kai Yamai. Duk da haka, ina ganin janyewa ba za ta kare kowa ba, domin mutumin da gari bai san fuskarsa ba shi ne ake saurin yarda da ƙarya a kansa.

Tarihin Kiristanci a Nijar ma ya nuna cewa hidima ce ta ba shi wurin zama. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission a wancan lokaci), wanda ya fara aikinsa a ƙasar nan daga Zinder a shekarun 1920, an fi saninsa a yau da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da kuma cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja, kusa da Maraɗi, inda mafi yawan masu zuwa neman magani Musulmi ne, ba a kuma tambayar addinin majiyyaci kafin a duba shi. Haka makarantun mishan na Katolika suka yaye 'ya'yan Musulmi masu yawa. Shugaban majami'a a Damagaram ba ya bukatar asibiti kafin ya bi wannan sawu, domin garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana addabarsa, ga matasa marasa aiki a unguwanni irin su Kara-Kara, bai rasa inda za a sa hannu ba. Idan majami'a ta haƙa rijiya, ta zama ta unguwa baki ɗaya, kuma a damƙa kulawarta ga kwamitin da mai unguwa da liman ke ciki, kada taimakon ya zama ƙugiyar jan mutane zuwa addini, domin nan ne zargi ke fara tsiro.

Sai kuma zumunci na yau da kullum, wanda a ganina ya fi kowane taron tattaunawar addinai amfani: fasto ya je suna da ta'aziyya, ya kai gaisuwar Sallah fadar Sarkin Damagaram, ya saba da malaman unguwarsa tun ana zaman lafiya. Da rashin tayi akan bar arha.

Inda nake goyon bayan masu taka tsantsan shi ne siyasar jam'iyya. Fasto yana da haƙƙin faɗa wa gwamna ko hukumar gari cewa famfon unguwa ya ƙafe ko an zalunci wani talaka, ko Musulmi ne ko Kirista, amma idan ya ɗaure majami'arsa ga wani ɗan takara, ranar da mulki ya juya mabiyansa ne za su biya. Ku bar 'ya'yan majami'a su shiga aikin gwamnati da ƙungiyoyin gari da sunansu, shugabanni kuwa su riƙa kai kokensu tare da limamai duk lokacin da matsalar ta shafi kowa.