Me ya sa littattafan gwanata suka daina yi mini daɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun ina aji uku a sakandare nake karanta littattafan wata marubuciya. Kuɗin tarata nake adanawa in karɓo hayarsu, in ɓoye a tsakiyar littafin lissafi. Yanzu na yi aure har da yara uku. Kwanaki na biya kuɗi na shiga zaurenta na WhatsApp inda take sakin sabon labari, amma wallahi ko rabi ban kai ba na ajiye. Wanda ya biyo baya ma haka. Ita ce hannunta ya lalace, ko ni ce na canza? Har ina jin kamar na ci amanarta. Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari mu fara sauke miki wancan nauyin: babu wata amana da kika ci. Kin biya kuɗinki, kin ba ta lokacinki, bashi ya ƙare. Abin da ya rage shi ne gano inda gizo yake saƙa, kuma akwai hanya mai sauƙi. Nemo ainihin littafin da ya fara sa ki sonta, wanda kika ɓoye a littafin lissafi, ki zauna ki sake karanta shi daga farko. In har yanzu ya riƙe ki, to rubutunta ne ya sauya. In kuwa kika ji kina tsallake shafuka kina murmushin "ashe wannan ne ya hana ni barci", to ke ce kika yi gaba.

Sau da yawa duka biyun ne. Naki ɓangaren ba ya buƙatar dogon bayani. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana karanta labarin aure ne daga bakin ƙofa, komai sabo ne a wurinta. Matar da ta yi goyo uku ta san cefane, ta san dangin miji, ta san daren da yaro ke zazzaɓi. Idan aka ce mata attajirin saurayi ya zo ya share wa jarumar hawaye a shafi na ƙarshe, ita ta san a nan ne ma labarin yake farawa.

Ɓangaren marubuciyar ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a ganina ba basira ce ke ƙarewa ba, yadda ake biyan marubuci ne ke lanƙwasa alƙalaminsa. Dubi littattafan da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ƙanana ne, kuma sai da suka bi ta hannun edita a Zariya kafin su isa ga mai karatu. Da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labarai da marubuta ke bugawa da kansu ana sayarwa a kasuwa, ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, marubuci ya zama shi ne mai rubutu, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai bin 'yan kasuwa bashi. Sai aka koma raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Duk da haka takarda tana da tsada, ita ce ke taka wa marubuci burki. Dole ya san inda zai tsaya.

A waya babu wannan burkin. Marubuciyar da ke da zaure a WhatsApp ko shafi a Wattpad tana rubutu ne yau ta saki yau, masu karatu na jiran fejin gobe, wasu na yi mata magiya ta ƙara tsawo. Babu edita, babu damar komawa babi na uku a gyara shi saboda abin da ya faru a babi na arba'in, tunda an riga an karance shi. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi ɗari sai a ja shi kamar ƙosai a hannun mai rowa: a sako sabuwar kishiya, a yi haɗarin mota, jarumi ya manta kowa, a kwashe shafi biyu ana lissafa kayan lefe da irin turaren da amarya ta fesa. Ke da kika san hannunta shekara da shekaru kina hango kowace kwana tun kafin a iso ta. Zuma ce dai, amma ta ginshe ki.

Kuma mu masu karatu muna da namu laifin, ko da yake ba ma son a faɗa. Idan marubuciya ta gwada wani abu dabam, ta bar jarumar ta rabu da mijin, ko ta rubuta labarin da babu soyayya a ciki, zauren ne zai fara yi mata ca. Wannan ba a kanmu aka fara ba. Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes har ya kashe shi a labari a 1893, don ya samu sukunin rubuta littattafan tarihi da ya fi so. Masu karatu ba su bar shi ya sha ruwa ba, ga kuma kuɗin da masu mujallu ke miƙo masa. A 1903 ya tashe shi daga mutuwa. Marubucin da ya shahara da abu ɗaya kamar mai waƙar biki ne, duk inda ya je waccan tsohuwar waƙar ake so ya maimaita.

Akwai kuma waɗanda shekaru suka sauya musu alƙibla. Wadda ta fara rubutu tana budurwa yanzu uwa ce, wataƙila ma kaka, 'ya'yanta da surukanta na karanta abin da ta rubuta. Ga kuma tsohon zargin da ake yi wa littattafan soyayya na ɓata tarbiyya, wanda ya yi zafi a Kano wajen 2007 da 2008. Wasu sai suka koma kaffa-kaffa, labari ya riƙa tsayawa kowane shafi biyar don a yi nasiha. Nasiha abu ce mai kyau, amma idan jaruma ta daina magana kamar mutum ta koma magana kamar mai wa'azi a rediyo, mai karatu yana ji a jikinsa ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba.

To me za ki yi? Idan tsohon littafin ya ci jarrabawar, ki daina bin ta feji-feji. Ki bari sai ta kammala, ki tambayi wadda kika yarda da ɗanɗanonta ko ya cancanci lokacinki, sannan ki karanta a dunƙule. Kina iya rubuta mata a keɓe, cikin ladabi, ki faɗa mata takamaiman wurin da labarin ya kwance. Marubuta da yawa yabo kawai suke gani a zaure, ba su taɓa samun wanda ya ce musu babi kaza ya yi tsawo ba.

Idan kuwa tsohon ma bai riƙe ki ba, to ki sauya wurin kiwo. Gwada gajerun labarai, inda marubuci ba shi da filin yawo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da mata masu rubutu a kan irin rayuwar da kike ciki yanzu. Shi kuma wancan littafin na aji uku, kada ki jefar. Ki sa shi a ƙasan akwati, 'yarki na tafe.