Corolla ta 2005: wili mai faɗi ko sabbin tayoyi?

Malam, ka ce kuɗinka kaɗan ne, kana son Corolla ɗinka ta ƙara lafiya a hanyar Katsina zuwa Daura, amma kana tunanin manyan wili da salansa mai ƙara. Ni dai a ganina ka bar su. Babban wili yana zuwa da taya mai gajeren gefe, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi, ga ƙarin shan mai.

Fara da sabbin tayoyi, ka guji na hannu. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi bayan rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne lokacin da aka ƙera ta: 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, robar ta bushe, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya mata da sauƙi. Kai dai duba lambobin nan.

Abin da ya rage, sa makanike ya duba birki da mansa, sannan shoka. Injinta mai lita 1.8 ɗin nan kuwa, sabbin fulogi da matatar iska sun ishe shi.