Tambaya da Amsa: Wai Notre Dame coci ce ko jami'a?

Tambaya: Salam Malam. Ƙanina ne ya dage sai ya nemi gurbin digiri na biyu a wata Notre Dame a Amurka, ni kuma cocin nan da ta ƙone a Faransa na sani da wannan suna. Makarantar horar da limaman coci ce? Musulmi zai iya karatu a can kuwa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Suna ne ya zo ɗaya. Wadda ta ƙone a 2019 coci ce a Paris, wannan kuma jami'a ce a jihar Indiana, dab da garin South Bend. Amma fa akwai hannun Faransa a ciki, don wani fada (limamin Katolika) Bafaranshe mai suna Edward Sorin ne ya kafa ta a 1842, ya iso wajen cikin tsananin hunturu ya tarar da 'yar cocin katako a bakin tafki. Sunan kansa Faransanci ne, Nana Maryamu ake nufi.

Ita ma ta sha gobara, a 1879 babban gininta ya ƙone ƙurmus, cikin 'yan watanni suka tada wani, daga baya aka ɗora masa ƙubba mai ruwan zinare da har yau ita ce tambarin makarantar. Harabar na da tafki biyu, ga ƙaton filin ƙwallon Amurka, wannan ta hannu ɗin, wadda suke haukar so.

Wanda ya mai da ita jami'ar bincike ta gaske a ganina shi ne Fada Theodore Hesburgh, shekara 35 yana shugabanci, 1952 zuwa 1987, a zamaninsa aka saka waɗanda ba limamai ba cikin hukumar gudanarwa a 1967, aka kuma fara ɗaukar mata digirin farko a 1972.

Batun musulmi kuwa, suna ɗauka, ba a tilasta wa kowa shiga coci, akwai ƙungiyar ɗalibai musulmi, har Farfesa Ebrahim Moosa ɗan Afirka ta Kudu na koyar da ilimin Musulunci a can. Sai dai kar a yaudare ki, ta Katolika ce ba ɓoye-ɓoye, zai ga gicciye a azuzuwa, 'yan digirin farko ma dole su ɗau darasin tauhidin Kirista. Ki ce masa ya nema, kuma ya tanadi rigar sanyi ta kirki, hunturun can ba irin na Samaru ba ne.