Rubutu ya rikice a Chrome bayan na loda sababbin haruffa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da katin biki a Samaru. Makon jiya wani abokin sana'a ya ba ni salon haruffa, wato font, sama da 300 a filashi, na loda su duka. Tun ranar, in na buɗe Chrome sai haruffan wasu shafuka su riƙa hawan juna, wani wurin kuma akwatuna kawai. A Word komai lafiya. Mai gyara ya ce bairos ne, sai an goge kwamfutar, ga ta cike da furojet ɗin ɗalibai. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka bari a goge kwamfutar nan. Alamun da ka zayyana ba na bairos ba ne, kuma gyaran ba zai ci maka rabin awa ba.

Shafin intanet yakan faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, sunan haruffan da yake so, misali Helvetica ko Arial. In akwai mai wannan suna a kwamfutarka, shi za a ɗauka, ba a duba ko lafiyayye ne. Irin tarin da ake yawo da shi a filashi kuwa ba ya rasa tsofaffi da lalatattu, da masu ɗauke da sunan wani. Helvetica ta yi ƙaurin suna a nan: ba ta zuwa da Windows, to da ka loda gurguwarta sai duk shafin da ya ambace ta ya rungume ta. Word bai kamu ba don kai ne ke zaɓar masa haruffa da hannunka.

Fara da gwaji. Kwafi gurɓataccen rubutun ka zuba a Notepad. In ya fito daidai, rubutun lafiyarsa ƙalau, rigar da aka sa masa ce ta yage. Sai ka koma shafin, ka danna ɓangaren dama na linzami a kan rubutun, ka zaɓi Inspect, ka shiga Computed, ka gangara ƙasa har inda aka rubuta Rendered Fonts. Sunan mai laifin yana nan. Nemo shi a C:\Windows\Fonts, ajiye kwafinsa a wata jaka in kana bukatarsa a CorelDraw, goge shi, ka rufe burauzar ka sake buɗewa. In ya ƙi, kashe kwamfutar ka kunna, domin Windows na riƙe tsohon lissafin haruffa na ɗan lokaci. Kada dai ka taɓa Segoe UI, da shi Windows kanta take rubutu.

Batun akwatunan ya fi damuna, don mu masu rubuta Hausa ya fi shafa. Akwati na nufin ba a samu wannan harafin a salon da ake amfani da shi ba, kuma yawanci masu ƙugiya ne ke faɗawa. A Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ na zaune a rukunin ƙarin haruffan Latin, ƙananan ɗ da ɓ kuma suna rukunin alamomin furuci. Shi ya sa za ka ga ƙ ta fito, ɗ ta zama akwati ko ta fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Salon haruffa irin Noto Sans na Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, duk kyauta ne kuma suna da su cikakku. A Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai kamata ɗalibi ya miƙa aikin da “ƙasa” ta koma “kasa” ba.

In kuwa abin da kake gani shi ne Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, wannan ba laifin kwamfutarka ba ne. An rubuta shafin da tsarin adana haruffa na UTF-8, ana karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, kuma masu shafin ne za su gyara.

Sauran haruffan na filashi, bar su a jaka ta daban, ka riƙa loda wanda aikin katin ya kira kawai.