Farin katako a gindin rumfar gona

Wai kana tambaya ko farin katako zai yi dirkar rumfar da ƙungiyar manoman nan ke so a bakin fadama, tunda shugabansu ya ce kuɗi ba yawa. Kai yaro, ka fama mini tsohon gyambo.

Da irin wannan daɗin bakin wani shugaban ƙungiya ya cuce ni. Na ce masa azara za mu sa, ta namijin giginya, wadda gara ke cizo ta haƙura. Ya ce a'a, Malam, a lallaɓa da farin katako, baɗi sa canza. Ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran sai an sayar da albasa. Ni kuma kunya ta ci ni, na yarda. Kwana tara muna aiki, dirka goma sha biyu, benci shida, har ƙusa da kuɗin aljihuna na saya. Ƙasar fadama ga danshi ga gara. Kafin damina ta kama, in ka ƙwanƙwasa gindin dirkar sai ka ji ta kamar ganga. Hadarin farko da ya taso daga gabas ya kwashe rufin ya kifa a kan tumatirin mutane. Mutumin nan ya tara jama'a ya ce ni ne ban iya aiki ba. Ni! Har yau ko sisi bai cika mini ba, kuma in mun haɗu a kasuwa shi ke fara miƙo hannu.

Saboda haka azara, ko ƙirya in ka samu, ko busasshiyar darbejiya. Ka babbaka gindin, ka shafe shi da baƙin mai kafin ya shiga rami. Zurfin rami kuwa ba zan tsaya faɗa ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Rumfar ta ba gabas baya, rufin ya yi ƙasa ta can. Ku yaran yanzu komai kwano, don shi kuke gani a waya. Manomi da ya sha rana inuwar zana da shuci yake nema, kwano gasa shi zai yi.

Wurin zama, bar batun benci. Ka yi musu dakali na tubali, ka shafe da makuba, ba mai ɗauke shi cikin dare. Cikon kuɗinka kuma ka karɓa tun kana bisa tsani, kafin ka ɗaure zanar ƙarshe.