Tsohon dam ɗinmu yana tsatsafar ruwa: akwai gyara ko mu tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin ci gaban wani gari a kudancin Bauchi. Muna da ƙaramin dam na ƙasa da aka gina sama da shekara 40 don shayar da dabbobi, amma yanzu ya koma wurin shan iska, ana kamun kifi, ana hawa kwalekwale, ranar sallah kuwa ba masaka tsinke. Bana mun lura da wani wuri a bayan ganuwar da ba ya bushewa ko da rani, kuma dogonyaro ya girma a kanta. Shekara biyu da suka wuce masunta sun ɗora bulo jeri uku a mafitar ruwa, suka kafa raga don kada kifi ya gudu. Akwai gidaje a gangare. Tsufa ne ya kama shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Shekara 40 ba tsufa ba ne ga dam ɗin ƙasa da ake kula da shi, kuma daga cikin abubuwan da ka lissafa, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ka ambata a ƙarshe, wato bulon da ragar.

Wanda ya zana dam ɗin nan bai bar mafitar ruwa ƙasa da kan ganuwa don ado ba. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce wurin da ruwan mamako yake samun sararin taruwa kafin ya fice ta hanyar da aka tanadar masa. Jeri uku na bulo ya kai fiye da rabin mita, ke nan an cinye wani babban ɓangare na wannan tazara, raga kuwa da zarar ambaliya ta taso da ciyawa da rassa da leda sai ta toshe ta zama katanga ta biyu. Idan ruwa ya rasa hanya zai haura ta kan ganuwa, ita kuwa ganuwar ƙasa ba ta jure wannan, domin ruwan yana fara zaizayar bayanta, ramin yana cin baya har ya kai ga tafkin, kuma abin da ya tsaya shekara 40 yana iya yankewa a dare ɗaya.

Wannan kuskure yana da tarihi. A Amurka, a ranar 31 ga Mayun 1889, wani dam na ƙasa mallakar ƙungiyar attajirai masu nishaɗin kamun kifi da farauta ya ɓalle a kan garin Johnstown na jihar Pennsylvania, mutum sama da 2,200 suka rasu. An rage tsayin ganuwarsa don a faɗaɗa hanyar keken doki, an kafa raga a mafitarsa saboda kifi, bututun da ake sauke ruwa da su kuwa an cire su tun da daɗewa ba a mayar ba. A gida ma mun ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a Kano a watan Agustan 1988, mun kuma ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Saboda haka a zauna da Sarkin Ruwa da masunta a cire bulon da ragar kafin ruwa ya kankama. A yi hakan yanzu da tafkin yake ƙasa da bakin mafitar, domin fasa bulo alhali ruwa yana danne da shi wani haɗarin ne ga masu aikin da mutanen gangare.

Maganar wurin da ba ya bushewa tana bukatar natsuwa, domin kusan kowane dam na ƙasa yana tsatsafar ruwa, kuma tsatsafar ita kaɗai ba ciwo ba ce. Abin dubawa shi ne ko ruwan yana fita da ƙasa. Ka ɗebi ruwan a farar kwalba, ka ajiye ta a inuwa ta kwana. Idan ka wayi gari gindin kwalbar tas yake, da sauƙi. Idan ka ga laka ta kwanta, ko a wurin da ruwan yake fitowa ka tarar da ɗan tudun rairayi mai laushi yana ɓuɓɓuga a tsakiya, to ruwan yana sassaƙa wa kansa hanya a cikin ganuwar, kuma irin wannan rami daga bayan ganuwar yake farawa ya nufi tafki, ba a ganinsa daga sama sai ya kusa gamawa. Ka kafa turaku kewaye da danshin don ka san ko yana faɗaɗa, ka tara ruwan ta wata 'yar hanya ka auna minti nawa yake cika bokiti, ka rubuta a littafi duk mako tare da inda ruwan tafkin ya tsaya. Ruwan da ya ƙaru alhali tafkin bai ƙaru ba, ko wanda ya juya daga garau zuwa gurɓatacce, ba a jiran taron kwamiti a kansa. Kada kuma kowa ya ce zai toshe bakin da laka ko siminti, domin hakan yana tsare ruwan a ciki ne ya jiƙa ganuwar. Abin da injiniya zai sa a yi shi ne shimfiɗa yashi da tsakuwa a kai, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya.

Dogonyaron da jama'a ke jin daɗin inuwarsa ba wurinsa ba ne. Ƙananan a sare su yau. Manyan kuwa kada a sare a bar kututture, domin saiwar da ta ruɓe a cikin ganuwa tana barin rami kamar bututu, sai a tuge su a cike gurbin da laka ana dannewa daki-daki, a lokacin da ruwa ya ja baya, kuma a gaban injiniya. Haka za a yi da shuri da ramukan gafiya. Gajeriyar ciyawa kawai ake so a kan ganuwa, wadda za ta riƙe ƙasa ba tare da ta ɓoye wa ido komai ba, shanu kuma a sauya musu mashaya, domin turbarsu ce ke zama kwazazzabo. Da an share wurin, a bi kan ganuwar a ƙafa a nemi inda ta lotsa ko ta tsage. Tsagar da ta ratsa daga gefen ruwa zuwa baya ta fi wadda ta bi tsawon ganuwa gaggawa.

Baka ambaci bututun sakin ruwa ba, kuma ina zaton an daɗe ba a taɓa shi ba. A duba ko yana buɗuwa, amma kada a tilasta wa wanda ya yi tsatsa, kada kuma a sauke tafkin farat ɗaya, domin gefen ganuwar da ke cikin ruwa yana iya zaftarewa idan ruwan da ke tallafe da shi ya janye da sauri.

Manyan madatsu irin su Dadin Kowa da Gubi suna da ma'aikata. Ƙanana irin naku sau da yawa marayu ne, wanda ya gina ya tafi, zanen ya ɓata. Ku rubuta wa ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha ta hannun hakimi da ƙaramar hukuma, ku haɗa da hotuna da littafin awonku, ku nemi injiniyan madatsu ya zo ya duba. Ba na ganin dalilin hana shan iska a bakin tafkin da rani, amma a hana motoci da taron jama'a a kan ganuwa, a kuma hana yara wanka kusa da mafita. Daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba a sa mutum biyu masu tocila da waya su riƙa zagaya ganuwar duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, a yi yarjejeniya da ladanin masallacin gangare kan sanarwa ta lasifika, kuma kowane gida ya san tudun da zai nufa, ta gefe, ba ta bin rafi ba.