Maigidana yana dawowa daga nutso da fushi da ruɗewa, ko mutanen ruwa ne?

Tambaya: Likita, maigidana mai nutso ne, yana gyaran ƙarƙashin jiragen ruwa a Apapa. Yakan dawo a gajiye, ga saurin fushi, ga yawan fitsari. Makon jiya kuwa shiru ya yi kamar bai san mu ba, yana cewa ƙafarsa ta mutu. Maƙwabtanmu a Agege sun ce mutanen ruwa ne. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar uwa, fitsarin kada ya dame ki. Ruwa na matse jiki, jini ya taru a ƙirji, zuciya ta saki sinadarin ANP mai sa fitsari, sinadarin ADH mai riƙe ruwa kuma ya ragu, ƙoda ta yi ta zubarwa. Sanyi da fargaba kuma na tayar da adirenalin da kotisol, sinadaran da jiki ke saki lokacin tashin hankali, su bar mutum da gajiya da ƙunci. Ruwan sha, abinci da barci ne maganinsu. Shi kuma mayen naitirojin, wato buguwar da wani sinadari na cikin iskar da muke shaƙa ke sa mai nutso, sai wajen zurfin mita 30 yake bayyana, kuma da an taso yake washewa, ba ya bin mutum gida.

Na makon jiya shi ne abin tsoro. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi daidai da na iskar da muke ciki, naitirojin ya narke a jini. In aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza, kumfar ta maƙale a laka ko ƙwaƙwalwa. Ruɗewa, sauyin hali ko mutuwar ƙafa cikin awa 24 bayan nutso, a ɗauke su ciwon kumfar nan ne.

Wannan zancen mutanen ruwa ya gurgunta magidanta. Ana turare, ana shafa mai, ana gasa ƙafa da ruwan zafi, alhali zafi da tausa ƙara ta'azzara abin suke yi. Wasu ma cewa suke ya koma ruwa ya "biya bashi". Mutumin da bai gane iyalinsa ba, shi za a tura ƙarƙashin jirgi? A yi addu'a, amma a mota, a hanyar asibiti! A kwantar da shi, a sa masa iskar oksijin zalla, a nemi ɗakin matsin iska na asibiti, inda ake narkar da kumfar, kuma kada ya hau jirgin sama.

Ko ya ji sauƙi, likita ya duba shi kafin ya sake nutso. Ya riƙa tasowa a hankali, kada ya wuce mita 9 a minti. Ya kuma duba inda kwamfuresarsu, injin da ke ba su iskar shaƙa, ke zuƙar iska: in kusa da hayaƙin janareta ne, wannan kaɗai ya isa ya kawo ciwon kai da ruɗewa.